Birkin Kekenka Haƙƙin Wanda Ke Gabanka Ne

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo da martabarsa a ƙasar nan. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000. Mutane da yawa suka jingine babura, aka zaro kekunan da suka daɗe a zaure ko bayan ɗaki, aka kakkaɓe ƙura, aka sa wa tayoyi iska, aka hau titi. A Daura ma haka abin yake: ɗalibi, tela, malamin firamare, yaron shago mai kai saƙo, kowa ya tuna cewa ƙafa ba ta bin layin gidan mai. Wannan kam abin farin ciki ne. Keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ga motsa jini kyauta.

Sai dai akwai abu ɗaya da da yawa daga cikinmu suka tsallake ranar da suka kakkaɓe wannan ƙura, wato birki. Ba sai na kawo muku wata ƙididdiga ba. Ku tsaya bakin titi da yamma lokacin da ake tashi daga Islamiyya, ku lura da yadda yara da samari ke tsayar da keke. Wani ya cusa silifas tsakanin taya da ƙarfe, wani ya sauke ƙafafu biyu yana jan ƙasa, wani kuwa sai dai ya yi ta ihun “a ba ni hanya, ba birki!” kamar dai mai tafiya a ƙasa ne ya cire masa birkin.

Da, rashin birki alamar rashin kuɗin gyara ce, ana ma jin kunyarsa. Yanzu ya fara zama abin burga. Duk mai TikTok ko Instagram ya ci karo da bidiyon samarin ƙasashen waje a kan wani siririn keke, ba birki ba ƙararrawa, suna ratsa tsakanin motoci, suna karkata tayar baya ta yi ƙara a kan kwalta, an ɗora kiɗa mai zafi a kai. Ƙaninka ya gani, ya ce ai shi ma zai iya. Abin da nake son faɗa a wannan fili shi ne, hawa keke mara birki a titin da jama'a ke bi ganganci ne, kuma gangancin ba da ranka kai kaɗai kake yin sa ba.

Bari mu fara sanin wane irin keke ne wannan da muke gani a bidiyo. Turawa na kiran sa fiksi, wato keke mai kafaffen giya. Keken da muka saba da shi yana da abin da masu gyara ke kira firiwil a tayar baya, shi ne yake ba ka damar daina taka feda amma keken ya ci gaba da tafiya. Shi fiksi ba shi da wannan. Feda da tayar baya a ɗaure suke da juna ta hanyar sarƙa: muddin taya na juyawa, feda ma tana juyawa, ko ka so ko ba ka so. Mahayinsa yana rage gudu ne da ƙarfin cinyarsa, yana danne fedar ta baya, ko ya ƙame ƙafafunsa gaba ɗaya tayar baya ta tsaya cak tana goga ƙasa.

Asalin wannan keke na filin tsere ne. Akwai irin wannan fili a babban filin wasa na ƙasa na Moshood Abiola da ke Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003. A irin wannan wuri kowa gefe ɗaya yake fuskanta, ƙasa a share take, ba mahaɗar hanya, ba akuya, ba yaron da zai ɓullo da gudu yana bin ƙwallo. A can ana cire birki ne da gangan, domin mahayan suna tafiya dab da juna, wanda ya taka birki ba zato zai kayar da na bayansa. Masu kai saƙonni a biranen Amurka irin su New York ne suka yayata hawansa a kan titi, fina-finai kamar Premium Rush na 2012 suka ƙara masa farin jini, sannan intanet ta ƙarasa aikin.

To ga inda gizo ke saƙa. Mafi yawan kekunan da ba su da birki a garuruwanmu ba fiksi ba ne. Kekuna ne na yau da kullum, masu firiwil, waɗanda wayar birkinsu ta tsinke ko robarsu ta cinye aka ƙyale. Mai fiksi aƙalla yana da cinyarsa. Namu kuwa idan ya juya feda baya, sai dai ya ji tana ƙara tana juyawa a banza. Ke nan yaron da ya kwaikwayi bidiyon, ya cire birkin kekensa don ya yi kama da na Turawa, ya ɗauki haɗarin nasu ya ƙara da nasa. Abin da ya rage masa kawai silifas.

Shi ma fiksin na gaskiya ba tsira ba ne. Idan sarƙa ta zame ko ta tsinke a kan gangara, shi ke nan, ba abin da ya haɗa ƙafarka da taya. Idan ƙafa ta suɓuce daga feda, fedar ba za ta jira ka ba, za ta ci gaba da juyawa tana dukan ƙwauri. Ku ƙara da irin shigarmu: jallabiya, kaftani, wando mai faɗin ƙafa. A keke mai firiwil, in sarƙa ta kama bakin wando sai ka daina takawa. A fiksi sarƙar ba ta san tsayawa ba, sai ta naɗe rigar ta jawo ka ƙasa.

Mu ɗan yi lissafi irin na aji huɗu na sakandare. Keken da ke gudun kilomita 20 a awa, wanda gudu ne da kowane saurayi ke yi ba tare da ya yi haki ba, yana cin kusan mita biyar da rabi a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, hannu ya motsa, daƙiƙa guda ta tafi. Mita biyar da rabi ke nan ba ka ma fara tsayawa ba. Mai birki biyu masu kyau a kan busasshiyar kwalta zai buƙaci ƙarin mita uku zuwa huɗu. Wanda ya dogara da tayar baya kaɗai, kamar mai fiksi mara birki, zai buƙaci kusan ninkin haka. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da kake rage gudu nauyinka gaba yake tafiya, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Mai silifas kuma sai ya ɗauke ƙafa daga feda, ya laluɓo taya, sannan ya danna, wata daƙiƙar ta sake tafiya. Kuma kada a manta, idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninkawa ne sau huɗu.

Yanzu ɗauki wannan lissafi ka kai shi titunan Daura. Gefen kwalta, inda masu keke ke bi, nan ne rairayi ke taruwa, taya kuwa in ta hau rairayi sulɓi take yi. Lungunan cikin gari, wajen fada da rijiyar Kusugu, ba su da faɗin da za ka kauce. Ga awaki da tumaki, ga 'yan ga-ruwa da kurarsu, ga almajirai, ga mai adaidaita sahu da zai tsaya maka a gaba ba sigina don ya hango fasinja. A manyan hanyoyi kuma, ta Kano ko ta Katsina ko wadda ta nufi iyakar Kwangwalam, kana raba titi ne da manyan motoci. Da hunturu hazo ya rage gani, da damina ƙasa ta jiƙe. A cikin wannan duka ne wani zai ce maka shi ƙafarsa ta ishe shi birki?

Wannan magana ta taɓa zuwa gaban alƙali a Ingila. A watan Fabrairun 2016, a titin Old Street da ke Landan, wani matashi ɗan shekara 18 a kan fiksi mara birkin gaba ya buge wata mata mai shekara 44, uwar 'ya'ya biyu, tana tsallaka titi. Ta rasu bayan kimanin mako guda sakamakon raunin da ta ji a ka. Dokar ƙasar ta amince a ɗauki kafaffen giya a matsayin birkin baya, amma ta wajabta a sa birkin gaba, shi kuwa ba shi da shi. Masu gabatar da ƙara sun shaida wa kotu cewa da akwai wannan birki, da ya iya tsayawa. An wanke shi daga laifin kisa, amma an same shi da laifin tuƙin ganganci a ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1861, tun zamanin keken doki, aka yanke masa wata 18 a tsare a Satumban 2017. Wani abin da ya kamata mu 'yan soshiyal midiya mu lura da shi: bayan haɗarin ya shiga intanet ya yi rubuce-rubuce yana ɗora wa matar laifi, kuma an karanto waɗannan kalamai a kotu.

A nan gida da wuya irin wannan ya kai kotu. Yawanci a ƙofar gidan mai unguwa ake ƙarewa, a ce tsautsayi ne, a yi haƙuri, a yafe. Yafiya halin kirki ce, ba na ja. Amma yafiya ba ta ɗora ƙashin da ya karye. Dattijon da aka buge yana hanyar masallaci shi zai yi wata biyu a kwance hannun mai ɗori. Yarinyar da aka ture da farantin tallarta, uwarta ce za ta nemo kuɗin magani da na jarin da ya zube. Su ba su zaɓi hawa keke mara birki ba. Kai ka zaɓa, su suka biya. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce birkin kekenka haƙƙin wanda ke gabanka ne.

Na san amsoshin da za su biyo baya a wajen sharhi, bari in tare su tun yanzu.

Na farko zai ce, “Malam, ni na ƙware.” To madalla. Amma mu 'yan ƙasar Daura ai mun san mene ne ƙwarewa a kan abin hawa. Ku tuna hawan Sallah ko na Gani, lokacin da mahaya ke sakin dawaki a guje su nufi inda Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, yake, su ja linzami su tsaya cak su yi jinjina. Me ke sa jama'a shewa? Gudu kam ko dokin da ya tsinke yana yi. Abin da ake yaba wa mahayi shi ne tsayawar, a daidai inda ya so, a daidai lokacin da ya so. Kun taɓa ganin barden da ya cire linzami don ya nuna ya iya doki? Da ya yi haka, da dogarai sun fitar da shi daga fili tun kafin ya hau. Birki shi ne linzamin keke. Ƙwarewarka tana iya sarrafa kekenka, amma ba ta da iko da yaron da zai fito daga lungu a guje.

Na biyu zai ce, “Ana fama da abin da za a ci, wa ke ta birki?” Wannan uzuri ne da nake girmamawa, don matsin rayuwa gaskiya ne. Amma robar birki da wayarsa suna cikin mafi araha a kayan keke, kuma duk mai gyaran keke a bakin kasuwa zai ɗaura maka su kana tsaye. Mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa daga cikin masu wannan uzuri kuɗin datar da suke ƙonawa a wata ya fi kuɗin gyaran. Sannan a kwatanta da kuɗin hoton ƙashi da ɗinki da allurai. Rigakafi dai ya fi magani.

Na uku zai ce, “Ai motoci da babura ne ke kashe mutane, ka bar masu keke su sarara.” Akwai gaskiya babba a nan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato mu ke nan da ƙannenmu. Mai keke a Najeriya ba shi da layinsa, direbobi da yawa ba sa ganin sa a matsayin mai haƙƙi a titi. Ko Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo da ya yi ta kiran a koma hawa keke, sai da wata bas ta ture shi daga kan kekensa a Abuja. Amma ku duba da kyau, wannan hujja ai goyon bayan birki take yi. Idan titi ya riga ya cika da haɗari, kuma kai ne mafi rauni a kansa, ta yaya za ka yar da abu ɗaya tilo da ke hannunka na kare kai?

Na huɗu kuma zai ce, “Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa.” Haka ne. Amma malamanmu sun sha faɗa mana cewa dogaro ga Allah ba ya hana ɗaukar mataki. Mai wannan magana da kansa yana kulle wayarsa da lambar sirri, yana sa wa kekensa kwaɗo in zai shiga kasuwa. Me ya sa sai a kan birki ne ƙaddara ke tuno masa?

Ta fuskar doka ma maganar a fili take. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda Najeriya ta shiga a 2018, ta tanadi cewa keke ya kasance da birki mai aiki, da ƙararrawa, da fitila, da jan abu mai ƙyalli a baya. Ba a nemi wani abu mai tsada ba.

Akwai kuma laifin da yake namu, mu masu riƙe waya. A ajin koyon aikin jarida ana koya mana cewa edita mai tsaron ƙofa ne, shi ke zaɓar abin da zai fita da wanda zai tsaya. Yau kowannenmu edita ne. Bidiyon daƙiƙa 15 da kake gani na yaro ya ɗaga tayar gaba ya saki hannu a tsakiyar titi, an zaɓo shi ne daga cikin gwaji da yawa. Faɗuwar da ya yi, da matar da ta yi tsalle ta faɗa kwata don ta kauce masa, an yanke su. Manhajojin nan kuma abin da aka fi kallo da turawa shi suke ƙara yaɗawa. Duk lokacin da ka danna alamar so, ko ka rubuta “kai, gaye ka iya!”, ka ce wa yaron ya ƙara, kuma gobe sai ya yi wanda ya fi na yau haɗari, don na jiya ya daina burge kowa. Mai ɗaukar bidiyon da ke bin sa a kan babur, hannu ɗaya a waya, shi ma abokin tarayya ne.

Ba ina cewa a hana samari wasa da keke ba ne. Wasan keke wasa ne na gaske, har a gasar Olamfik ana yin sa. Abin da nake cewa a kai shi inda ya dace. Muna da filayen ƙwallo da filayen makarantu da ba kowa a cikinsu da yamma ko ranar hutu. A can in ka faɗi kai kaɗai ka faɗi, kuma kai ka zaɓa. Wanda kuma Allah ya hore masa fiksi na gaskiya a cikin kayan gwanjo, ya sa masa birkin gaba kafin ya fito da shi titi. Ba abin da zai rage wa keken na kyau.

Sauran aikin na kowa ne. Iyaye da yayye, kafin a aiki yaro kasuwa ko niƙa a kan keke, a matsa birkin a gani. Masu ba da hayar keke, musamman lokacin bukukuwan Sallah da yara ke rububi, kada ku miƙa wa ɗan mutane keken da ku kanku kun san ba ya tsayawa. Masu gyara, in an kawo faci ku duba birki ku faɗa wa mai shi gaskiya. Shugabannin makarantu na iya sa a riƙa duba kekunan da ake jinginewa a harabarsu ko da sau ɗaya a zango. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da na KASSAROTA su sa masu keke cikin wayar da kan da suke yi, ta hanyar nasiha da nuni, ba kame da tara ba, don wanda ya rasa kuɗin roba ba tara ce za ta gyara shi ba. Hakimai da dagatai da masu unguwanni a Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, kalma ɗaya daga bakinsu ta fi dogon rubutu irin nawa tasiri.

Ga kuma wata dama a ƙofar gida. Daura ce ke da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disamban 2019, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018. Me zai hana ɗaliban waɗannan makarantu su haɗa kai da masu gyaran keke a wannan rana, a kafa rumfa a bakin kasuwa, a duba birki kyauta, a nemi masu hali su sayi roba da waya? Garin da ake koyar da ilimin sufuri bai kamata yaransa su riƙa tsayar da keke da silifas ba. Wannan ne ma irin bidiyon da ya cancanci ya yi tashe.

Kafin nan, ga gwajin da ba ya cin ko daƙiƙa goma. Gobe da safe kafin ka hau, matsa birkin gaba ka tura keken: in ya tafi, akwai matsala. Matsa na baya ka sake turawa. In hannun birkin ya taɓo kan keken kafin ya kama, waya ta saki. In roba ta cinye, a canza. In babu birkin gaba ɗaya, tura shi da hannu zuwa wajen mai gyara, kada ka hau. Wanda zai tsallaka titi a gabanka yau bai san ka ba, bai ga bidiyonka ba, ya dai yarda cewa in ya shigo gabanka za ka iya tsayawa. Kada ka ci amanarsa.